Ƙiba, Rama da Kumburin da Ido Ba Ya Gani

Gaisuwa ta musamman yau ga matan Batsari da Ruma da Wagini, da na Safana da Runka. Allah Ya ƙara mana zaman lafiya, amin.

Yau zancen jiki za mu yi, jikinki ke da kike saurare. Ki tuna da rigar da aka ɗinka miki da atamfar lefe. In tana nan a ƙasan akwati, za ta shige ki yau? Wata za ta yi dariya ta ce ko hannu ɗaya ba zai shiga ba. Wata kuma za ta yi shiru, don ta san yanzu rigar lilo take yi a jikinta. To, duk su biyun da su nake. Maganata a kan sauyin da jiki ke yi ne a hankali, cikin shekara goma ko ashirin, wanda ke kanki ba ki lura da shi sai ranar da wata da ta daɗe ba ta gan ki ba ta zo barka, ta riƙe baki ta ce, "Ke wance, haka kika koma?"

A wurinmu ƙiba abin yabo ce. Mace ta yi jiki, sai a ce ta samu hutu, maigida ya iya kiwo. Ta rame, sai dangi su fara tsegumi, ko ba ya ciyar da ita ne, ko kishiya ce ta sa ta gaba. Na kuma san akwai wadda za ta ce, "Mu da muke neman na sawa a bakin salati, ina mu ina zancen ƙiba?" Gaskiyarki, 'yar uwa, kuma zan zo kanki, don rama ma tana da nata labarin. Amma binciken lafiyar iyali da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin kowace mace 100 masu shekara 15 zuwa 49, guda 28 nauyinsu ya wuce kima, 12 kuma sun rame fiye da kima. Sau da yawa a gida ɗaya za ki same su, uwargida ba ta iya tashi daga tabarma sai ta dafa bango, matar ƙanen miji kuwa iska na nema ta ɗauke ta.

Bari mu fara da kumburi. Kin san maruru. Wurin zai yi ja, ya yi zafi, ya tashi, ya dinga zogi. Wannan ba komai ba ne illa yaƙi. Cuta ta shiga, sai jiki ya aika dakarunsa, wato fararen ƙwayoyin jini, su kewaye ta. Kwana kaɗan maruru ya nuna, ya fashe, dakaru su koma gida. Irin wannan kumburi rahama ce daga Allah, ba don shi ba da ƙaya ma sai ta kashe mutum. Amma akwai wani iri da likitoci suka gano, wanda ba ya ja, ba ya zogi, ba ya sa zazzaɓi. Dakarun ne ke fitowa kaɗan-kaɗan, kuma ba sa komawa. Kin taɓa barin murhu da dare kina zaton wuta ta mutu, da asuba ki tona toka ki tarar da garwashi jajir? To haka yake. Mu kira shi kumburin ɓoye.

Ina ruwan ƙiba da wannan? Da can likitoci kansu sun ɗauka kitse rumbu ne kawai, jiki ya zuba rarar abinci ya rufe. Sai a 1993 wani mai bincike ɗan ƙasar Turkiyya, Gokhan Hotamisligil, tare da malaminsa Bruce Spiegelman a Jami'ar Harvard ta Amurka, suka duba kitsen ɓeraye masu ƙiba, suka tarar yana fitar da sinadarin nan da jiki ke kiran dakaru da shi lokacin yaƙi. Ashe kitse yana magana. Bayan shekara goma, a 2003, wasu masana a Jami'ar Columbia suka nuna cewa dakarun da kansu suna tururuwa su shiga cikin kitsen su zauna, kuma iya yawan ƙiba iya yawansu. Dalili kuwa, ƙwayar kitse kamar buhu ce. In ana ta ɗura mata shekara da shekaru, sai ta cika ta yi tam, jini ya kasa kai mata iska yadda ya kamata, wasu su mutu. Dakaru su zo kwashe gawa, su tarar da aikin ba ya ƙarewa. Ihun da suke yi ya bi jini ya kai hanta, ita kuma hanta ta saki wani sinadari da ake iya aunawa a gwajin jini, likitoci na kiran sa CRP. A 1999 an fitar da sakamakon awon mutum fiye da 16,000 a Amurka: mace mai ƙiba sosai ta ninka mai matsakaicin jiki wajen sau shida a yiwuwar a samu wannan sinadari ya hau a jininta. A maza ninkin bai kai haka ba, wajen sau biyu ne. Kin ga ke nan abin ya fi shafar mu.

Kuma ba kowane kitse ne mai wannan hali ba. Na cinya da na mazaunai da sauƙi. Wanda ake tsoro shi ne na cikin ciki. Ranar Babbar Salla in an feɗe rago, kin ga farin kitsen nan da ke lulluɓe da hanji da tumbi? Mu ma muna da irinsa, kuma jininsa kai-tsaye hanta yake zuwa. Shi ne mai hura garwashin.

Me garwashin ke ƙonawa? Da farko yana toshe wa jiki kunne daga jin insulin, sinadarin da ke buɗe ƙofa sukari ya bar jini ya shiga tsoka. Ƙofa ta cije, sukari ya taru a jini, shi ne ciwon sukari. Yana kuma cin bangon jijiyoyin jini, su yi tauri su ƙuntata, daga nan hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki. Nawa muka sani da aka wayi gari baki ya karkace, aka ce iska ce ko jifa? Gwiwa kuwa biyu take sha, ga nauyi ga kumburi, don kowane kilo ɗaya da kika ƙara, gwiwa na jin sa kamar kilo huɗu a kowane taku. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ciwon daji iri 13 da ke da alaƙa da yawan kitse, ciki har da na mahaifa, da na nono bayan mace ta daina al'ada.

Yanzu ga inda nake so ki kasa kunne sosai. Tsawon shekarun da jiki ya yi yana hawa, shi ne abin lura. A Amurka an bi diddigin ma'aikatan jinya mata fiye da 114,000 daga 1976 zuwa 1990, ana kwatanta nauyinsu da wanda suke da shi suna 'yan shekara 18. Wadda ta ƙara kilo 5 zuwa 8, haɗarin ciwon sukari ya kusa ninka mata sau biyu. Wadda ta ƙara 8 zuwa 11, ya kusa sau uku. Kilo 8 fa! Wa zai kalli matar da ta ƙara kilo 8 tun aurenta ya ce ta yi ƙiba? Cewa za a yi ta murje. Mu yi lissafi irin namu na cikin gida. A ce an kai ki ɗaki kina kilo 48. Kowace haihuwa, bayan wankan jego da kunu da gasasshen nama, kilo uku ya zauna bai tafi ba. Haihuwa bakwai, kilo 21 ke nan. Ba ranar da kika yi haɗama, ba ranar da za ki nuna ki ce yau na yi ƙiba. Amma garwashin ya yi shekara goma sha biyar yana ci.

Iyayenmu ma ai kulle suka yi, me ya sa ba su san wannan ba sosai? Ki tuna yinin kakarki. Tun asuba tana kan dutsen niƙa, ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga, ta yi sussuka da kaka, ta kaɗa auduga. Tuwon dawa ko na gero take ci, da miyar kuka da daddawa. Yau injin niƙa ya karɓi dakan, yaro ya kai ya dawo. Alhamdu lillahi, ba wadda ke kewar kantar hannu. Sai dai hutun ya zo tare da shayi mai sukari cokali huɗu, da burodi, da taliya da manja, da fanke, da lemon kwalba a gidan suna. Aiki ya ragu, maiƙo da zaƙi sun ƙaru, ƙafa kuma ba ta wuce zaure.

To yaya za ki gane inda kike, ga shi ba sikeli a gida? Nemi zare mai kauri ko igiyar shanya. Tsaya jikin bango ba takalmi, 'yarki ta auna tsawonki daga ƙasa zuwa tsakar ka, ta yanke. Ninka zaren biyu. Ki zagaya shi a cikinki, ɗan sama da cibiya, kada ki shanye ciki. In bakin biyu sun haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya fara yawa. Wannan awo ba camfi ba ne, hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki ta amince a 2022 cewa kada faɗin ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Mai tef ɗin ɗinki a gida kuwa, daga santimita 80, wato inci 31 da rabi, a fara hattara. 88 ya zama gargaɗi babba. Mai ciki da mai jego, ban da ku a wannan awo. Ki ajiye zaren a akwati, duk bayan Salla ki sake gwadawa. A asibiti ma in an ɗora ki a sikeli, ki tambayi lambar, ki sa a rubuta miki a wuri guda.

Labari mai daɗi shi ne, wutar nan tana lafawa. A birnin Naples na Italiya an ɗauki mata 120 masu ƙiba, aka raba su biyu. Rabi aka koya musu cin ganye da wake da hatsin da ba a cire masa dusa ba, da yawan tafiya. Bayan shekara biyu, a sakamakon da ya fito a 2003, sun sauke sama da kilo 10, kuma alamomin kumburi a jininsu sun sauka fiye da na ɗaya rabin. Ba ma sai an kai haka ba. Wani babban bincike na mutum 3,234 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, wanda ya fito a Amurka a 2002, ya nemi wani rukuni daga cikinsu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu kawai, su yi tafiyar rabin awa kwana biyar a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Mai kilo 80, kilo biyar da rabi ke nan ake magana.

Amma babu yanke. A 2004 likitoci a Amurka sun zuƙe wa mata 15 kitsen ƙarƙashin fatar ciki da na'ura, wajen kilo 10 kowace. Ciki ya lafe, amma da aka auna jini bayan wata uku, alamomin kumburi suna nan yadda suke, don na can cikin hanji ba a taɓa shi ba. In aikin asibiti bai kashe wutar ba, ina ga shayin rage tumbi da ake talla a waya, wanda yawanci zawo kawai yake sawa? Ki kuma guji horon yunwa na wata guda, a zube a sake cika. A 2024 masana a birnin Zurich na Suwizalan sun gano cewa ƙwayoyin kitse ba sa mantuwa: shekara biyu bayan mutum ya sauke nauyi, suna nan da tabon ƙibar da. Shi ya sa nauyi ke saurin dawowa, kuma shi ya sa hana shi hawa tun farko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amarya, da ke nake.

Abin yi duk yana cikin gidanki. Tuwo dai shi ne tuwo, a rage malmala, a ƙara miya. Zogale, rama, yakuwa, tafasa, kuɓewa, wake, kwaɗo da ƙuli-ƙuli, waɗanda muke rainawa muna cewa abincin talaka, su ne irin abin da aka sa matan Italiya ci. Gero da dawa kada a surfe su har su yi fari fat. Fura ba laifi, sukarin da ake ambaza mata ne laifi. Sukarin shayi ki rage rabin cokali duk mako, harshe zai saba. Ki ɗauko taɓarya ko sau biyu a mako. Bayan la'asar ki zagaya tsakar gida da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga, ke da abokiyar zama in kuna shiri, in ba kwa shiri ma wataƙila sanadi ke nan. Kada ki ji kunya. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wasu shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Maigida, in kana kusa da rediyon, ka ji dai.

Barci ma yana ciki. Tun wajen 2019 da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan bakin dajin Rugu, mata da yawa sun yi shekaru suna kwana da kunne ɗaya a buɗe, wasu sun baro gidajensu sun koma garin Batsari ko Dutsin-Ma ko Katsina. Bincike ya nuna rashin barci mai daɗi na tsawon lokaci yana tafiya tare da hawan waɗannan alamomi a jini. Wadda ta sha wannan wahala, ko ba ta da jiki, ta riƙa auna hawan jini.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, ƙwayoyin ƙiba, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. 'Yan mata gab da biki, da matan da ke gasa da kishiya, ana aiken yaro kemis ko a saya wurin dillaliya. Wasu na buɗe ciki ne da sa barci. Amma da yawa akwai deksametazon a ciki, wanda ake ce wa deksa. Magani ne na gaske, likita na ba da shi na ɗan lokaci a cutuka irin su asma. Wadda ta mai da shi abincin kullum fa? Fuska ta yi zagaye kamar faranti, ƙeya ta yi tozo, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, fata ta yi nankarwa. Wato daidai kitsen nan na cikin ciki yake tarawa. Sukari ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, dakarun jiki su kwanta har tarin fuka da ke ɓoye ya samu ƙofa. In kin daɗe kina sha, don Allah kada ki yanke shi rana ɗaya, yin haka na iya kai mutum lahira. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita, shi zai janye miki a hankali.

Akwai kuma nauyin da ke hawa cikin 'yan kwanaki, ƙafa ta kumbura, in an danna yatsa ya lotsa, numfashi ya yi wuya in an kwanta. Wannan ruwa ne, ba ƙiba ba. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da zafin gado. Mai jegon da ta ga haka, asibiti a ranar.

Na yi alkawarin dawowa kanki, ke da rigarki ke lilo. Makiyayan yankinmu sun san sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu, saniya ta yi ta ƙanjamewa har haƙarƙari ya fito. Wani masani ɗan Amurka, Anthony Cerami, ya ga irin waɗannan shanu a Kenya, ya yi ta mamakin me ke cinye su. A 1985 shi da abokin aikinsa Bruce Beutler suka tabbatar da cewa wani sinadari ne da dakarun jiki ke saki. Kin san wane ne? Shi ne dai wanda aka tarar a kitsen ɓerayen nan a 1993. In yana ɗiga kaɗan-kaɗan daga kitse, ya jawo sukari da hawan jini. In wata cuta ta sa ya yi ambaliya, ya kashe sha'awar abinci, ya narkar da tsoka. Don haka ramar da ba ke kika neme ta ba, kuma ba rashin abinci ya kawo ta ba, alama ce cewa ana yaƙi a ciki. Tarin fuka na yin haka, ƙanjamau na yi, ciwon daji na yi. Ciwon sukari ma in ya yi nisa yana zubar da mai ƙiba, tana ta ƙishirwa da fitsarin dare, mutane na cewa ta yi kyau ta rage jiki.

Ƙa'idar likitoci ita ce, wanda ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata shida zuwa shekara ba da niyya ba, a bincika shi. Mai kilo 60, kilo uku ke nan. In da tari na mako biyu, ko zufar dare, ko ƙullutu a nono, ko jini bayan al'ada ta ɗauke, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada kuma a rufe ramar da sha-ka-fashe. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha. Ki samu maigida cikin natsuwa, ki nuna masa zaren ko rigar, ki ce kina son a auna miki sukari da hawan jini da nauyi. Asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma za su iya waɗannan, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ki Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. In shi ba ya nan, uwar miji ko yayanki su raka ki.

Lokaci ya cimmana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.